Gaggafar Azurfa ta Ya Kaka

Kafin a kira la'asar duk Dogo Nini ta ji cewa an shiga ɗakin Hajja Ya Kaka an ɗauke mata azurfarta. Kafin a idar da sallar kuwa har an sami ɓarawo, an lakaɗa masa duka, an ɗaure shi a ƙofar gidan Bulama. Mutanen unguwar nan, in batun yashe rijiya ne ko gyaran kwata, sai su shekara suna shawara. Amma ranar nan ba a sami ko mutum ɗaya da ya ce a dakata ba.

Azurfar ba kuɗin kashewa ba ce. Irin wadda wata ƙasa kan buga ce don tunawa, a jere cikin ɗan akwati mai shimfiɗar karammiski, kowace da gaggafa a jikinta ta buɗe fiffike, jan bakinta ne kawai babu. Ɗan Hajja ne ya zo da su daga wata tafiya da ya yi can gaba da Cadi. Umara sunansa, direban babbar mota, wanda ya sa aka rubuta Gaggafa a goshin motarsa don yana son tsuntsuwar. A tafiyar da ta biyo baya ya rasu a can, ko gawarsa ba a kawo ba. Tun daga nan kowace Juma'a tsohuwar kan zauna ta wanke su da ruwan tsamiya, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ke hana ta.

Ranar da abin ya faru, gidan gaba ɗaya sun tafi suna Ngojin tun da hantsi. Da suka dawo suka tarar an ɓarka dangar kara ta baya, akwatin kuma babu.

Yaji aka aika a kira. Mutumin Ngizim ne, mai bin sawu, wanda fataken kara ke nema in an kore musu shanu. Dogon tsoho ne mai baƙar zuciya, kullum da taba gari a leɓe, ba ya gaisuwa mai tsawo. Shekarar nan ta bayan babban fari aiki ya yi masa yawa, don makiyaya sun matso gari neman ruwa, duk abin da ya ɓata kuma sai a ce su ne.

Da ya iso ƙofar gidan Bulama Kashim, mai unguwa, ya ga mutumin da aka ɗaure a jikin turke. An jiƙa igiyar kafin a ɗaure shi, kamar yadda ake yi wa sa mai gardama. Leɓensa ya fashe, yara na jifansa da kashin awaki, manya suna kallo suna cin goro.

"Yaji, wushe da zuwa," in ji Bulama. "Aiki ya ƙare. Kai dai ka duba sawu ka ce shi ne, gobe mu miƙa shi ga 'yan sanda."

"Allah ya ja zamanin Bulama, in aiki ya ƙare me ya sa aka tashe ni daga cin tuwona?"

Wani mutum mai farar riga da takalmi sau-ciki mai ƙyalli ya matso. Muhammadu Lawan ke nan, dillalin hatsi, mijin Mairam 'yar Hajja, kuma tun da Umara ya rasu shi ne bakin gidan.

"Malam Yaji, abin a fili yake. Sawun takalmin taya ne, irin na Fulani, daga danga har fadamar Yindiski. Muka bi, muka tarar da wannan a cikin kashin shanu, a bakin garken Bakari." Ya buɗe hannu, ga azurfa ɗaya da gaggafarta. "Matarsa Asta ita ke kawo wa Iya nono. Ta sha ganin su, ta sha cewa za su yi kyau a kitso."

"Ku nawa kuka bi sawun?"

"Duk unguwa."

Yaji ya tofar da tabarsa. Duk unguwa. Wato hanyar Yindiski yanzu ko giwa ce ta bi ba mai iya nuna inda ta taka.

Ya tsuguna gaban wanda aka ɗaure. Bakari matashi ne siriri, ya ƙi ɗaga ido, don kunyar da ke cinsa ta fi dukan zafi.

"Kai, ina kake da azahar?"

"Ina daji da shanu, Baba."

"Wa ya gan ka?"

"Shanu."

Wani ya yi dariya a cikin taron. Yaji ya juya ya dube shi har dariyar ta maƙale.

"Aradu, Baba, ban taɓa wuce zauren gidan nan ba," in ji Bakari. "Da fari ya cinye mini garke, Hajja ce ta ce in sauka a fadamarta ta Yindiski in shayar da abin da ya rage a rijiyarta. Wanda ya ba ni ruwa zan yi wa sata? In suka kai ni gidan yari shanun nan sun watse, wannan da sauƙi. Amma ɗana zai tashi ana ce masa ɗan ɓarawo. Gara su kashe ni a nan."

Yaji ya jawo ƙafar Bakari. Ya zare takalmin da ke jikinta ya juya, tayar ta cinye har ta yi santsi. Ya karyi wani kara ya gwada tafin ƙafar, faffaɗa, yatsu a warwatse kamar na duk wanda ya tashi a daji. Ya soke karan a aljihu ya miƙe.

A gidan Hajja an yi abin da aka saba, an kife ƙoruka a kan sawun ɓarawo. Yaji ya bi yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Takalmin taya ne, gaskiya, amma sabo fil, zanensa ya fito a rairayi raɗau. Ya shigo ta ɓarakar danga, ya ratsa bayan madafa, ya zo gindin wata dalbejiya da ke bakin sashen Hajja, inda randunan ruwa suke. A nan ƙafafun biyu suka tsaya daidai da juna. Daga nan babu. Sai kuma ga su sun juya sun fita ta inda suka shigo. Tsakanin bishiyar da ƙofar ɗakin tsohuwa kuwa akwai tazara mai kyau.

"Ka gani ko?" in ji wata maƙwabciya daga bayan zana. "Asirin Fulani ne. Daga nan tashi ya yi sama, ya dira a ɗaki."

"Ya tashi sama, amma ya sha wahalar ɓarka danga," in ji Yaji. "Allah ya ƙara mana hankali."

Tsakiyar filin mata sun tattake shi da kururuwarsu. Amma can jikin bango, inda ba a bi, rairayin yana nan lumui, kuma a kansa akwai sawun ƙafa ba takalmi. Ba wanda ya kife masa ƙwarya, don an ɗauka na mutanen gida ne. Ƙafa ce siririya ta namiji, yatsu a matse, taku gajeru, nauyin a gaba. Ta tashi daga gindin dalbejiya, ta raɓi bango har ƙofar ɗaki, ta dawo. Yaji ya ɗora karansa a kai, karan ya fi shi tsawo. Ya ɗauki ƙwarya ɗaya ya kife a kan wanda ya fi fitowa, ya ɗora dutse.

Hajja Ya Kaka tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, idanu sun kumbura, 'yarta Mairam na yi mata fifita.

"Ya Kaka, sannu da wannan abu. Wa ya share gidan nan yau?"

"Ni ce, kafin mu fita," in ji Mairam.

"Har jikin bango?"

"Iya ba ta yarda a bar ko kusurwa."

"Wa ya san inda akwatin yake?"

Tsohuwar ta share hanci da bakin mayafi. "Wa bai sani ba? Ni ba na ɓoye Umara. Bunu maƙerin fari ya sha zuwa yana roƙo in sayar masa, har na kore shi. Yarinyar nan Asta kuma ni na sa mata ɗaya a tafin hannu ta gani. Mijin Mairam ya sha gaya mini in tashe su daga fadamar nan, ya ce mutanen daji ba amana, gara a yi lambun albasa. Ban ji ba. Ga shi yau na gani." Sai ta fashe da kuka. "Malam Yaji, a ce masa ya dawo mini da su, ba zan kai shi ko'ina ba. Ba ni da kabarin da zan ziyarta, su ne kawai."

Yaji ya kau da kai. Ya ga gawa iri-iri a daji bai ji komai ba, amma kukan tsohuwar nan ya fi ƙarfinsa.

Da gari ya waye ya fara da maƙera. Bunu yana zaune gaban zugazugi yana gyara warwaron wata amarya, da ya ga Yaji bai ko tashi ba.

"Na san za ka zo. In azurfa ta ɓata ai maƙeri ne ɗan'uwan ɓarawo."

"Ka nemi ka saya."

"Na nema, ta zage ni da Barbarci har kakana. Azurfa ce tsantsa, Yaji, ba gauraye, ban taɓa riƙe irinta ba. Amma ka yi tunani mana. Wanda ya san darajarta zai yar da guda a kashin shanu? Da ni ne, kafin ta dawo daga Ngojin sun zama zobba."

"Miƙo ƙafarka."

Bunu ya miƙo yana tsaki. Kurkunu ya taɓa cin ta hagun tun yana yaro, ta karkace, a gefe yake takawa. Yaji ya dube ta sau ɗaya ya miƙe.

"Da hantsi ka zo gidan Hajja jaje."

"Jajen matar da ta zagi kakana?"

"Ka zo dai. Za ka ga abin da zai sa ka yafe mata."

A hanya ya ci karo da Asta, ta ɗauko ƙwaryar fura za ta kai wa mijinta, an hana ta. Ƙafarta ba takalmi, ƙarama, ba ta kai wadda ke jikin bango ba. Ta rantse ta kuma rantsewa cewa ta taɓa azurfar, ta kuma ce za ta yi kyau a kitso, amma wace mace ce ba za ta ce haka ba? Ya tambaye ta wa ya fara ganin guda ɗayan a garke. Ta ce ita tana ruga lokacin da taron ya iso, mai farar rigar nan ya nufi wurin kai tsaye ya sa sanda ya tone, ko dube-dube bai yi ba.

Yaji ya sa Mairam ta sake share filin daga dalbejiya zuwa ƙofar ɗaki, ya hana ta taɓa jikin bango. Sannan ya je ya gaya wa Bulama cewa ba zai faɗi abin da ya gani ba sai a gaban mai kaya, kuma duk wanda sunansa ya fito a maganar nan ya zo ya yi wa tsohuwa jaje, ɗaya bayan ɗaya. Bulama ya yi gunaguni, ya ce rana na yi, amma ya zo da dattawa biyu.

Matan gida suka shige ɗakuna. Yaji ya zauna a kan turmi yana kallon ƙasa, bai dubi fuskar kowa ba. Bulama ya shigo da sallama, ya wuce bishiyar, ya tako har bakin tabarma, nan ya tuɓe takalmi ya zauna. Dattawan suka yi haka. Bunu ya shigo yana ɗingishi, shi ma sai bakin tabarma. Asta ta raɓo ta durƙusa nesa.

Muhammadu Lawan ne ya shigo ƙarshe, yana ba da umarni a zaure a nemo wanda zai raka ɓarawo. Da ya iso gindin dalbejiya muryarsa ta sauka. Ya tsaya, ya zare sau-cikinsa, ya jera su daidai da juna kusa da randa. Ya sunkuyar da kai, ya raɓi bango da gajeren taku, kamar yadda ya saba tun ranar da aka ba shi 'yar gidan.

"Tsaya nan," in ji Yaji.

Lawan ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. Yaji ya taso ya ture dutse, ya ɗaga ƙwaryar da ya kife jiya, dab da inda mutumin yake tsaye.

"Ɗaga ƙafarka. Bulama, taso ka gani da idonka, kada a ce Yaji ne ya faɗa."

Bulama ya taso. Sawu biyu ne a jere, na jiya da na yanzu, siririn tafi, yatsu a matse. Ko makaho ya shafa zai ce ƙafa ɗaya ce.

"To mene ne?" in ji Lawan. "Gidan surukata ne, kullum ina shiga."

"An share gidan nan kafin a tafi Ngojin. Wannan sawun bayan shara aka yi shi, kuma daga cikin takalmin taya ya fito, ya koma cikinsa. Duk kun ga inda kowa ya tuɓe takalminsa yanzu. Bulama da girmansa sai da ya kai tabarma. A garin nan mutum ɗaya ne ba zai wuce bishiyar nan da takalmi ba, ko Hajja tana nan ko ba ta nan. Ka sayi takalmin Fulani, ka ɓarka danga, ka yi komai daidai, amma da ka zo nan ƙafarka ta tuna cewa kai suruki ne." Yaji ya tofar da yawu gefe. "Ka cire mata takalmi don ladabi, ka shiga ka sace mata ɗa. Tir."

Daga cikin ɗaki aka ji muryar Mairam, a sanyaye. "Ka bar wurin suna kafin a raba goro. Ka ce mini kasuwa za ka."

Ana zaton wuta a maƙera, ga ta ta tashi a masaƙa, kuma Bunu ma da ke da damar yin dariya bai yi ba.

Hajja ba ta dubi mutumin ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, yau ma ba ta kira ba.

"Mijin Mairam, fadama kake so? Da ka jira, ai na kusa mutuwa. Ina sauran?"

Lawan ya durƙushe. "Iya, sharrin shaiɗan ne. Niyyata in su Bakari sun tashi daga fadamar in ce an tsinci azurfar, in dawo miki da su. Amma jiya da aka kira Yaji tsoro ya kama ni, na ce kada a bincika gidana."

"Ina suke?"

"Na jefa su a masai."

Tsohuwar ta kai mayafi bakinta, ta juya gefe ta yi ta kakarin amai. Abin da ta shekara da shekaru tana wankewa da ruwan tsamiya ke nan. Bunu ya tashi ya fita ba sallama.

Abin da ya biyo baya ya fi satar ƙazanta. Tun tsohuwa ba ta gama kurkure baki ba, Bulama da dattawansa suka ja Yaji zaure suka fara magana ƙasa-ƙasa. Wai maganar gida ce. Wai Lawan mutum ne mai mutunci, yana sahun gaba a masallaci, ga aure da 'ya'ya. A ce wa mutane akwatin zamewa ya yi bayan gado, guda ɗayan kuma Allah ne ya san yadda ta kai Yindiski. Bafulatanin a bari sai magariba ta yi, in mutane sun watse, a kwance shi a ba shi goro ya tafi.

"Shi kuma sunansa fa?" in ji Yaji.

"Haba Yaji," in ji Bulama. "Makiyayi ne, yau yana nan gobe yana can. Wane suna?"

Yaji ya dube su ɗaya bayan ɗaya, manyan mutane da furfura, ya ji kamar ya je ya yi wanka. Ya fice. Ya nufi ƙofar gidan Bulama inda taron jiya ya sake haɗuwa yana jiran a tafi da ɓarawo, ya zaro wuƙa ya sunkuya kan igiyar.

"Kada ka yanke, Baba," in ji Bakari.

"Ba kai ba ne, na gani. An san wanda ya yi."

"Kai ka gani. Su ba su gani ba. In ka yanke za su ce Yaji ya ci hanci ya saki ɓarawo. Wanda ya ɗaure ni a gaban mutane shi zai kwance ni a gaban mutane, ko in kwana a nan har in mutu."

Yaji ya mayar da wuƙarsa kube. Yana shirin komawa sai taron ya dare. Hajja Ya Kaka ce tafe, tana dogara sanda, Asta ta riƙe mata hannu ɗaya. Bulama na biye yana roƙon ta koma gida, ba ta ko waiwaye shi ba. A bayansu Muhammadu Lawan, ba takalmi, don bai sami damar komawa gindin bishiya ba.

Ta tsaya a tsakiyar fili ta ɗaga murya yadda na bayan ma zai ji.

"Mutanen Dogo Nini, yaron nan bai taɓa mini komai ba. Mijin 'yata ne ya sace azurfar Umara ya zuba a masai. Mijin Mairam, je ka kwance shi."

Lawan ya durƙusa a gaban turke da farar rigarsa. Igiyar da ya sa aka jiƙa jiya ta bushe ta ƙanƙame, ƙullin ya shige cikin fata. Ya ja, ya murɗa, farcensa ya karye, ƙullin bai motsa ba. Ya dubi Yaji yana neman wuƙa, Yaji ya dubi sama. Sai da ya sa haƙori, fuskarsa a kan hannun Bakari mai jini da ƙura, yana gurnani yana ja, sannan ta saki. Waɗanda suka yi dukan jiya suna tsaye suna kallo, yanzu kuma har sun fara cewa dama su tun farko ba su yarda ba.

Bakari ya miƙe da ƙyar, hannayensa sun kumbura ba ya iya dunƙule su.

"Ɗana, ka yafe mini," in ji Hajja. "Fadamar nan da rijiyar, na ba ka halak malak, ga shaidu."

Ya rusuna mata har ƙasa. "Allah ya saka miki, Hajja. Ke kin yi mini komai." Ya ɗago ya dubi taron, fuska bayan fuska, a karon farko tun jiya. "Amma in na zauna, da waɗannan zan riƙa gaisawa kullum. Asta, je ki naɗe kaya."